Me Ya Sa Birki Ke Shanyewa Idan Ya Yi Zafi?

Ranar da aka ba mu hutun ƙarshen zangon farko, wasunmu sun shiga wata ƙaramar bas a Malumfashi za su Funtua. Watan Disamba ne, kaka ta yi, saboda haka ban da mu da akwatunanmu sai da aka cusa buhunan masara a ƙarƙashin kujeru, aka kuma ɗaure wasu a baya. Direba yana sauri domin ya samu ya yi sawu biyu kafin dare. Hanya kuwa ba ta barin mutum ya miƙe: nan rami, can kasuwar bakin titi, gaba kaɗan shingen jami'an tsaro. Sai ya taka totur, ya taka birki, ya sāke taka totur. Tun bayan Marabar Ƙanƙara muka fara jin ƙauri, irin na tsumma idan ya faɗa a garwashi. Muna shiga Bakori wani mai babur ya ɓullo daga lungu. Direba ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, har muka ga ya ɗaga daga kujera, amma mota ta ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa ta ba. Da ƙyar ya kauce, ya sauka gefen titi, muka tsaya can gaba cikin ƙura. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Abin da ya faru bayan haka shi ya sa mu rubuta wannan bayani. Yaron mota ya fasa ledar ruwa a kan ƙafar gaba, sai tururi ya tashi. Muka zauna a inuwa wajen rabin awa. Da aka tashi tafiya, direba ya gwada birki, ga shi yana kamawa daram. Ya juyo ya ce mana, "Kun gani? Birkina lafiya lau yake. Tsautsayi ne kawai." Da muka dawo hutu muka kai maganar ƙungiyar kimiyya ta makaranta, muka zauna da malaminmu na fizik muka bi ta daki-daki. Direban nan bai yi ƙarya ba, birkinsa yana kamawa idan ya huce. Inda ya yi kuskure shi ne da ya kira abin tsautsayi.

Ina gudun mota yake zuwa idan ta tsaya?

Kowa ya san abin da muke yi da asubar hunturu kafin a buga ƙararrawa: mukan murza tafin hannuwanmu har su yi ɗumi. Motsin hannu ne ya koma zafi ta wurin guga. Aikin birki ke nan, ba ƙari ba ragi. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sāke kama. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1889, shi ne ya auna yawan aikin da ke haifar da wani adadin zafi, shi ya sa har yau muke lissafin makamashi da sunansa a aji.

Mun yi lissafin a kan allo. A ce mota da fasinjojinta sun kai kilo 1,500, tana gudun kilomita 100 a awa. Idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 2. Uwar ɗaki takan jira minti goma ko fiye kafin ruwa mai yawan haka ya tafasa a kan risho, amma birki cikin daƙiƙa huɗu ko biyar yake haɗiye wannan zafi. Ƙafafun gaba ne kuma ke shan mafi yawansa, gama nauyin mota yakan rinjayo gaba sa'ad da aka taka birki.

Abu biyu ne ke ƙara wannan zafi, amma ba daidai suke ƙara shi ba. Idan aka ninka nauyi, zafi ya ninku sau biyu. Idan kuwa gudu aka ninka, zafi sau huɗu zai ninku. Ba ma sai an ninka ba: daga kilomita 100 zuwa 140 kawai, aikin birki ya kusa zama biyu. Wanda ya haɗa lodi da gudu, ya tara wa birkinsa duka biyun.

Ƙarfen birki kamar tukunya yake, akwai iyakar zafin da zai iya ɗauka, kuma iska ce ta fi kwashe masa. Idan ana zuba masa zafi fiye da yadda iska ke kwashewa, sai ya yi ta hawa. A tafiya ta cikin gari da wuya ya wuce digiri 200 a ma'aunin santigired. A doguwar gangara da kaya yakan haura 500, inda ƙarfe ke fara yin ja idan an dube shi a duhu. A nan ne muka gane cewa masu ɗora laifi a kan ranar bazara ba su kama bakin zaren ba. Zafin Maris da Afrilu a ƙasarmu yakan kusanci digiri 40, yana kuma rage saurin hucewar ƙarfe kaɗan, amma mene ne 40 a gaban 500? Abin da ya same mu ma cikin sanyin Disamba ya faru.

Hanyoyi uku da zafi ke cin birki

Birkin mota iri biyu ne. Akwai mai faifai, inda wasu ƙananan allunan guga guda biyu, waɗanda kanikawa ke kira fad, suke matse wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, kamar yadda robar birkin keke ke matse gefen wili. Akwai kuma mai ganga, inda ƙarfen yake da siffar tukunya, abin gugar yana ciki, ana tura shi waje ya danne bangonta. Yawancin ƙananan motocin haya da muke shiga faifai ne a gaba, ganga a baya. Manyan motoci, da babura da yawa, da keke mai ƙafa uku, galibi ganga suke da ita.

Hanya ta farko ita ce ta fad ɗin kansa. Ana yin sa ne da garin ƙarfe da zare da wasu ma'adinai, a haɗe su da wani irin ƙaro, a gasa. Idan zafi ya haura wajen digiri 300, ƙaron da ke cikin fad na gama-gari yakan fara ƙonewa, ya fitar da hayaƙi, fuskar fad ta yi santsi. Ƙaurin da muka ji ke nan. Alamar wannan ita ce feda tana nan da taurinta, kana takawa kana jin ta, amma mota ba ta rage gudu yadda ta saba. Wannan ne ya sami direbanmu. Idan abin ya yi ta maimaituwa, fuskar fad takan goge ta yi ƙyalli kamar tangaran, daga nan ko da sanyi ba za ta ƙara kamawa sosai ba. Sabon fad ma yakan yi wannan hali a kwanakinsa na farko kafin ya zauna, saboda haka ba dabara ba ce a canja shi yau, gobe a yi wa mota lodin Legas.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro, ita ce ta man birki. Sa'ad da direba ya taka feda, ƙafarsa ba ta taɓa taya. Mai ne a cikin siririn bututu yake kai ƙarfin ƙafar zuwa ƙafafun mota huɗu, bisa ga ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Mun gwada wannan da sirinji a ɗakin gwaje-gwaje, kowa ma yana iya gwadawa. Cika sirinji da ruwa, toshe bakinsa da yatsa, ka danna: ba zai motsa ba. Zubar da ruwan, bar iska a ciki, ka sāke dannawa: zai shige kamar soso. Ruwa ba ya matsuwa, iska da tururi suna matsuwa. To, idan zafin fad ya ratsa ya kai ga man birki har ya tafasa, tururi ya shiga bututu, sai birki ya koma sirinji mai iska. Direba zai taka feda ta tafi har ƙasa ba tare da ta kama kome ba. Abin da direbobi ke nufi ke nan idan sun ce birki ya shanye.

Masu yin man birki sun san da wannan, shi ya sa suke yin sa da ƙarfin jure zafi. Duba jikin gwangwani za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4, watau ma'aunin ma'aikatar sufuri ta Amurka. Bisa ga wannan ma'auni, sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuma 230. Amma man yana da wani hali: yana shan danshi daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko an rufe shi a kwano. Idan ruwan da ya sha ya kusa kashi 4 cikin 100, DOT 3 yana iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Mai ɗin yana nan cike a robarsa, ba ya yoyo, direba ya duba da safe ya ga kome daidai, alhali kuwa ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa. Saboda haka ne kamfanonin mota da yawa suke cewa a zubar da shi duka a sa sabo bayan kowace shekara 2. Mun tambayi iyayenmu da 'yan'uwanmu masu mota yaushe suka yi wannan. Amsar da muka fi samu ita ce, "Ai ƙarawa ake yi idan ya ragu."

Akwai wata al'ada kuma da kowa ya sha ji a tasha, ta zuba ruwan omo a madadin man birki idan ya ƙare a hanya. Ruwa ba ya matsuwa, don haka birki zai kama, direba ya ga dabararsa ta yi. Sai dai ruwa a digiri 100 yake tafasa, zafin da birki ke kaiwa a 'yar tafiya kaɗan. Ga tsatsa da yake sa wa bututu daga ciki. A ganinmu wanda ya ɗauki fasinja da irin wannan birki ya san abin da yake yi, ba shi da hujjar kiran sunan tsautsayi.

Hanya ta uku ta birki mai ganga ce. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, kowane maƙeri ya san haka. Faifai idan ya kumbura, kusantar fad yake yi. Ganga kuwa idan ta buɗe, nesa take yi da abin gugar da ke cikinta. Gangar tirela tana da faɗin wajen santimita 42, idan zafinta ya ƙaru da digiri 300 za ta buɗe fiye da milimita 1. Wannan kamar ba kome ba ne, amma sandar da ke tura birkin tana da iyakar inda take kaiwa. Idan dama an daɗe ba a ɗaure birkin ba, wannan milimita ɗaya ita ce tsakanin kamawa da rashin kamawa. Manyan motoci da iska suke aiki, ba su da man da zai tafasa, to amma buɗewar ganga da ƙonewar abin guga suna nan suna jiransu, kuma direban da ke yawan tattaka feda yana iya zubar da iskar tankinsa fiye da yadda inji ke mayarwa. Ganga a rufe take, ba ta shan iska kamar faifai. Wannan ne ya sa duniya ta koma ga faifai: tun 1902 Frederick Lanchester ya yi rajistar irinsa a Ingila, amma sai da motar Jaguar mai birkin faifai ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953 sa'an nan kamfanoni suka rungume shi.

Duka ukun suna da hali ɗaya, shi ne mafi haɗari a cikin al'amarin. Da zarar ƙarfe ya huce, ganga ta koma yadda take, tururi ya koma ruwa, fad ya daina hayaƙi, sai birki ya dawo. Bakanike zai gwada shi a gareji da safe ya ce lafiya lau. Ciwon yana nan, sai an sāke haɗa lodi da gudu zai tashi.

Mu da ba mu da duwatsu, me ya kawo mu ciki?

Littattafan tuƙi suna danganta wannan matsala da ƙasashe masu tsaunuka. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, sai ɗan hawa da gangara a bakin rafuka. Amma mu ƙasar kaya ce. A dā layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, shi ke kwashe auduga da gyaɗa ta tashar Funtua. Daga 1975, sa'ad da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtua da taimakon Bankin Duniya, taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara suka shigo, masara ta zama abin sayarwa. Yau duk wannan nauyi a kan taya yake tafiya: masarar Dandume, tumatirin Danja, audugar Malumfashi da Bakori, waken soya, barkono, dabbobi. Motar da aka ƙera domin mutum biyar takan ɗauki tara da buhu huɗu, an ƙara mata ƙarfen baya don kada ta zauna, amma ba wanda ya ƙara mata birki. Tudun rage gudu a kowane ƙauye, da ramuka, da sauri don a wuce wasu wurare kafin duhu saboda rashin tsaro na 'yan shekarun nan, duk suna sa a yi ta taka birki daga babban gudu ba tare da an ba shi sararin hucewa ba. Wannan daidai yake da gangara a wurin ƙarfe.

Sa'an nan kayanmu ba a gida suke tsayawa ba. Direban da ya koyi tuƙi tsakanin Funtua da Gusau, wata rana lodi zai kai shi Jos, ya gangara ta Hawan Kibo zuwa Akwanga, ko ya sami kansa a gangaren shiga Enugu. Mun lissafa masa shi ma. Tirela mai buhun masara 300, ita da kayanta a ce tan 40, idan ta sauko tudu mai tsayin mita 100, zafin da za a kashe ya isa ya tafasa ruwa lita 125, watau jarka 5 manya. Ko inji ya taya birki ɗaukar wannan zafi, ko kuwa mafi yawansa ya taru a cikin ganga.

Nan ne maganar firi ta shigo. Direbobi da yawa sukan cire giya a gangara, wasu har su kashe inji, don a rage shan mai, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kwaɗayin yin haka ya ƙaru. Mun san tsadar mai gaskiya ce, iyayenmu suna ji a jikinsu. Amma motar da ke cikin giya injinta yana riƙe ta, ita kuwa wadda ke firi birki kaɗai ta dogara a kai. Idan aka kashe inji abin ya fi muni, gama a ƙaramar mota na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi daga inji take samun nata ƙarfin, bayan taku biyu ko uku feda za ta zama dutse. A babbar mota kuma famfon iska ya tsaya ke nan. Abin mamaki ma, motocin zamani masu kwamfuta sukan yanke mai gaba ɗaya idan suna gangara cikin giya ba a taka totur ba, saboda haka mai sa su firi bai ma tsira da kome ba.

Tsofaffin direbobin gingimari suna da ƙa'ida: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma tun daga sama ake sa ta, ba sai mota ta ɗauki gudu ba. Mota mai canja giya da kanta ma tana da L ko 2 domin wannan aiki. Kada a ɗora ƙafa a kan feda a yi ta jan ta a hankali har ƙasan gangara. Gara a taka sosai na ɗan lokaci, gudu ya ragu, a saki, a bar giya ta riƙe. A kuma tabbata an saki birkin hannu duka kafin a tashi. Idan bayan 'yar tafiya ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, ko mota tana ja gefe ɗaya, birkin wannan ƙafa yana kame ne, yana ta guga ko ba a taka ba.

Idan abin ya riga ya faru ana cikin tafiya, kada a kashe inji. A ɗauke ƙafa daga totur, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. In feda ta yi laushi, a tattaka ta da sauri, sau da yawa takan ɗan dawo. A ja birkin hannu sannu-sannu, yatsa yana kan maɓallinsa, domin fizgar sa gaba ɗaya yana iya juya mota. A yi ta hon, a nemi hawa ko yashi ko ciyawar gefen hanya. Bayan an tsaya kuma, abin da yaron motarmu ya yi kuskure ne: ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yakan lanƙwasa faifai ko ya tsaga ganga. A sa waigi, a bar mota cikin giya, kada a ɗaure birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi, a jira. A lura kuma cewa zafi yakan ci gaba da ratsawa zuwa ga mai bayan an tsaya, tun da iska ta daina kaɗawa, don haka a gwada feda kafin a sāke hawa titi.

Yawancinmu ba mu da mota, fasinjoji ne mu. Amma hancin fasinja yana jin ƙauri daidai da na direba, wani lokaci ma wanda ke baya ya riga shi ji. A ranar nan dukanmu mun ji shi tun kilomitoci kafin Bakori, muka yi shiru, kowa yana jin nauyin ya yi wa babba magana. Cewa "Malam direba, kamar ana jin ƙaurin birki" ba rashin kunya ba ne. Wanda kuma mahaifinsa ko yayansa yake da mota, ya tambaye shi yaushe rabon da a canja man birki duka, ya kuma tuna masa ya sayi gwangwani mai hatimi, kada ya karɓi wanda aka buɗe aka ajiye a kanta tun damina. In birki ya taɓa shanyewa ko da sau ɗaya ne, a kai mota gareji ko da ya dawo, a kuma gaya wa bakanike yadda feda ta yi a lokacin. Idan tauri ta yi, ya fara duba fad da ganga. Idan ta tafi ƙasa, ya fara da mai.